Abin da ya kai ni shagon wiwi a Kanada

Labari ya iso mini cewa a Anguwan Rogo ana ta yi da ni, wai matar Abban Hanan ta je Turai ta lalace, an gan ta da hijabinta har ƙasa tana fitowa daga inda ake saida wiwi. Wanda ya ce ya gan ni bai yi ƙarya ba. Na shiga, na daɗe a ciki, na fito. Tunda maganar ta riga ni isa gida, har an ƙara mata gishiri an ce da ƙulli a hannuna, gara ku ji ta daga bakin mai ita.

Waɗanda suka san mu sun san Abban Hanan sikila gare shi. Ba sai na tsaya yi wa mutumin Jos bayanin abin da sanyi yake yi wa mai sikila ba. Duk uwar da ta taɓa kwana tana gasa wa ɗanta ƙafa da tsumma da ruwan zafi a watan Disamba ta fi ni sani. Nan Winnipeg sanyin yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, kuma ba ya gaggawar tafiya. Amma yanzu abin da ya fi damun sa ba tashin ciwon da kuka sani ba ne, wanda yake zuwa ya kwantar da mutum mako guda ya sake shi. Ƙugu ne. Kan ƙashin cinyarsa na hagu ya fara mutuwa saboda jini ba ya isa wurin, abin da yake samun masu sikila da yawa idan shekaru suka fara ja. Da shi yake kwana, da shi yake tashi, a kan kujera yake salla.

Likitoci sun ce sai an yi aiki an sa masa na ƙarfe. Katin lafiya na lardi ya ɗauke kuɗin gaba ɗaya. Na san a gida da sai an saida fili, wataƙila a haɗa da tafiya Indiya ko Masar. Sai dai kyautar nan da layi take zuwa, layin kuma ba irin namu ba ne da za ka ga na gabanka ka ce bawan Allah taimaka mini. Suna ne a cikin kwamfuta. Ba ka da ɗan uwan da ya san nas, ba ka da surukin da ya yi makaranta da babban likita. Da farko na yaba, na ce ga adalci. Da watanni suka yi ta wucewa ina jin nishin mutum cikin dare, wallahi sai na riƙa kewar "wa ka sani" ɗin nan da muke zagi.

Kafin layi ya zo kansa, ƙwayoyi ne. Likitarmu ta iyali mace ce mai kirki amma mai tsantseni, ita take rubuta masa mai ƙarfin, dangin mofin, kuma ɗaya-ɗaya take ƙirga masa. Ba mugunta ba ce. Irin waɗannan magungunan sun yi wa ƙasar nan ɓarna: daga 2016 zuwa 2023 sun kashe sama da mutum 40,000, mafi yawa ta hanyar fentanil na kan titi. Don haka duk likitan da ya ɗauki biro zai rubuta su, sai ya yi ta jan ƙafa. Baƙar fata mai sikila kuwa, ya shigo sashen gaggawa yana murƙususu, yana faɗin sunan maganin da yake yi masa aiki da adadinsa, akwai kallon da wasu suke yi masa. Mun sha wannan kallon. Mutum ya shekara arba'in da ciwo, ya fi ɗan koyon da ke gabansa sanin jikinsa, sai sanin nasa ya zama abin zargi.

Rannan a ofishinta ya gaya mata ƙwayar tana ɗaure masa ciki, tana sa shi gyangyaɗi a wurin aiki, ciwon kuma yana nan. Sai ta juyo da kujera ta tambaya ko mun taɓa tunanin gwada man wiwi. Fuskarta a sake, ko muryarta ba ta rage ba. Abban Hanan ya dube ni ya ce da Hausa, "Maman Hanan, me na ji ta ce?" Na ce, "Abin da ka ji." Ya ce, "A'uzu billahi." Mutumin da yake cikin kwamitin unguwa masu korar yara daga kangon bayan layinmu a Jos, yau shi likita take yi wa tayin abin da yake ƙwace wa yaran ya ƙona.

Shi tun a mota ya rufe maganar. Ni ban rufe ba, domin ni nake jin daren. Ga shi a gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata tsohuwa da ciwon gaɓɓai ya nannaɗe wa yatsu, nas takan ɗiga mata wani mai a ƙarƙashin harshe kafin barci, a rubuta a takardar magani tare da na hawan jini. Ban taɓa ganin ta tana tangaɗi ko sambatu ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. Wata rana da hantsi, na dawo daga kai Hanan makaranta, maimakon in hau bas ɗin gida sai na tsallaka titi.

Babu lungu, babu kango, babu yaro mai jan ido da yake leƙen hanya. Shago ne tsakanin wurin wankin kaya da mai saida fiza, an lulluɓe gilashinsa don kada yara su ga ciki. Ina tura ƙofa wani saurayi ya ce in nuna katin shaida, domin a lardin Manitoba sai ka kai shekara 19. Ni da 'ya'ya uku. Na miƙa masa, ya dubi hoton, ya dubi fuskata cikin hijabi, ya ce barka da zuwa. Ciki fes, fitilu tar, kwalaye jere a bayan gilashi, allon farashi a bango, ka rantse shagon waya ne a Ahmadu Bello Way. Ko warin ba a ji sosai, don komai a liƙe yake. Akwai wani dattijo da sandar dogarawa, da wata mata da jakar cefane, da samari biyu cikin kayan aikin gini. Ba wanda ya dubi wani. Ni kaɗai ce zuciyata take dukan uku-uku, ina ta istigfari a ciki.

Wadda ta tare ni yarinya ce da ba ta kai autarmu ba, gashi a rine kore, da ƙarfe a hanci. Na tattara Turancina na yi mata bayani tiryan-tiryan: mijina, sikila, ƙashin ƙugu, ba ya barci, ga sunan ƙwayar da yake sha. Wanne zan saya, nawa zai riƙa sha? Ta saurara har na gama, tausayi ya bayyana a idonta. Sannan ta ce ba za ta iya gaya mini ba. Doka ta hana ta cewa wani abu a shagon yana maganin wani ciwo. Abin da ke cikin kowace kwalba, da ƙarfinsa, da kuɗinsa, wannan za ta gaya mini. Maganar ciwo da haɗa shi da wasu ƙwayoyi kuwa sai likita ko mai kantin magani.

Na yi irin tamu. Na matso, na rage murya, na ce, "'Yar nan, tsakanina da ke, ba mai ji. Da mahaifinki ne, wanne za ki ba shi?" Ta yi murmushi ta ce da mahaifinta ne wurin likita za ta kai shi, musamman tunda yana shan mai ƙarfi, don haɗa biyun yana iya jefa mutum cikin barci mai nauyi. Ta yago takarda ta rubuta mini yadda ake bi ta hanyar asibiti. Ciniki a gabanta, kuɗi a jakata, ta bar shi ya tafi.

Raina ya ɓaci. Na toshe kunne na shigo inda ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba, a ce in fita hannu rabbana. Amma tun ina tsaye a wurin wani mai kemis na gida ya faɗo mini a rai, kuma har yau bai fita ba.

Kun san irinsa, kowane layi da nasa. Ana ce masa dakta, shi kuwa ko ƙofar makarantar jinya bai taɓa shiga ba, yaron shago ne da ya ga yadda maigidansa yake yi. Ba a taɓa kawo masa ciwon da ya ce bai sani ba. Ka ce ƙashi, ya zazzago ja da fari da ruwan ɗorawa a 'yar leda, ba suna, ba kwali, ya ce biyu da safe biyu da dare. Idan mai sikila aka kawo cikin dare yana ihu, sai ya ja labule ya fasa kwalbar penta, allurar kashe ciwo mai kama jiki. Allah ya sani, a daren farko rahama ce, mu ma mun sa masa albarka. Amma akwai abokin Abban Hanan, tun suna yara tare suke zuwa asibiti ranar masu sikila, da haka aka fara masa. Daga baya ya koyi yi wa kansa. Kafin mu taso cinyoyinsa da damatsansa sun taurare, duk gyambo, hannun ba ya lanƙwasuwa, babu sauran inda allura za ta shiga. Unguwa ta daina ce masa mara lafiya, ta koma ce masa ɗan ƙwaya. Wanda ya ɗora shi a hanyar yana nan ana gaishe shi da dakta, har ya sauke farali.

To ku gaya mini, tsakanin yarinya mai koren gashi da take saida wiwi da wannan alhajin, wa ya fi tsoron haƙƙin mutum?

Ina fitowa sai ga wani ɗan uwanmu da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, ya faka mota zai ɗauki saƙo a shagon fiza. "Hajiya, ina kwana?" Bakinsa yana gaisuwa, idonsa yana kan allon da ke saman kaina. Na amsa na wuce. Kafin la'asar matarsa ta kira, wai don a gaisa. Kafin Juma'a Yaya Babba ya kira daga Jos, bai ko tsaya doguwar gaisuwa ba: "Maman Hanan, wace magana nake ji?" Mu Hausawan garin nan ba mu da yawa, amma tsegumi ya riga mu samun biza. Abin da ya ƙona mini rai, duk cikin masu kiran ba wanda ya fara da tambayar yadda mai jikin ya kwana.

Abin da na gani a jikin kwalbar shi nake so mutanen gida su ji. Wiwi yana da sinadarai da yawa, biyu ne manya. THC shi ne mai bugarwa, shi yaran kango suke nema. CBD ba ya sa maye. Kowace kwalba an rubuta miligiram nawa na wannan da na wancan ne a ciki, da ranar da aka ɗura, da lambar rukuni, ta yadda idan aka sami matsala za a bi sawu har inda aka yi ta. Akwai jan tambari mai kusurwa takwas da hoton ganye, akwai gargaɗi cikin rawayan akwati. Murfin yaro ba ya iya buɗewa. Ta ba ni fanko na gwada, ni ma da ƙyar. Ba a yarda a yi wa kwalin adon da zai ja hankalin yara ba. Na ci, irin alewa da cakulan, THC ɗin da ke cikin fakiti guda ba ya wuce miligiram 10. Man da ta nuna mini kusan duka CBD ne a cikin man kwakwa, da 'yar sirinji marar allura ta awo. Na tambaya ko akwai abin alade a alewar da ƙwanson, ta juya kwalayen muka karanta tare, wasu da jelatin, wasu babu. Ƙofar na magani tun 2001 aka buɗe ta, bayan kotu ta tilasta wa gwamnati. Na kowa da kowa ranar 17 ga Oktoba 2018 ya fara, zamanin Justin Trudeau. Babba zai iya yawo da giram 30, wanda ya saida wa yaro kuma yana iya shan ɗaurin shekara 14.

Mu a Najeriya, a takarda dokarmu akwai tsanani. Tun 1966 soja suka kafa dokar wiwi, aka kafa NDLEA a 1989, dokarta ta tanadi shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da ita. Sai ga rahoton 2018 da aka haɗa da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Najeriya cikin shekara guda. A shekarar ce kuma aka hana kodin na tari bayan BBC ta fasa ƙwai. Ban ce jami'ai ba sa aiki ba, kullum muna ganin Buba Marwa da mutanensa suna cinna wa tarin kaya wuta, har da wadda ake cusawa cikin motocin gwanjo daga nan Kanada a kai Legas, abin kunyarmu mu mazauna nan. Amma yaron da ya sayi ƙulli a bakin rafi bai san me aka barbaɗa a ciki ba, mai saidawar ma bai sani ba. Mara lafiya na gaskiya kuwa, mai daji ko mai sikila, ya je asibiti a ce mofin ya ƙare, ko mai makullin ya tashi.

Sai mu ce masa ya yi haƙuri. Wannan mun iya. Ciwo kaffara ne, namiji ba ya raki, sannu, Allah ya ƙara sauƙi, a ajiye lemo da ayaba a tafi. Ban ƙi addu'a ba, da ita muke tsaye. Amma a nan duk zuwan da za mu yi sai an tambaye shi: daga sifili zuwa goma ciwon yana ina, yana hana ka barci, yana hana ka sa safa, yana hana ka kusantar iyalinka? Ranar da aka yi masa ta ƙarshen a gabana na rasa inda zan sa fuskata. Shi kuwa a mota ya ce tunda yake ba wanda ya taɓa tambayar sa abin da ciwon nan ya hana shi, sai dai a tambaye shi ko ya sha magani.

Kada kuma wani ɗan kango ya ɗauki rubutun nan ya kai wa babarsa ya ce ga shi Turawa sun ce magani ce. Likitan jininsa, da muka kai masa maganar, bai yi rawar jiki ba ko kaɗan. Ya ce a kan ciwo mai daɗewa akwai shaida, amma sauƙin kaɗan ne, kuma ba kowa yake samu ba. Ƙwararrun da suka zauna a kai a 2021, da masu binciken Jami'ar McMaster ta nan Kanada a gaba, iyakar abin da suka ce shi ne a iya gwada wanda ba na shaƙa ba idan sauran hanyoyi sun gaza. A kan sikila kuwa, gwajin da aka yi a San Faransisko aka buga a 2020 mutum 23 kacal suka kammala, kuma bambancin ciwo tsakanin na gaske da na bogi bai taka kara ya karya ba. Hayaƙi ya ce a manta da shi, huhun mai sikila ba abin wasa ba ne. Ƙashin da ya mutu ba man da zai tayar da shi. Magungunan sikila da aka saba, haidroksiyuriya da folik asid, suna nan daram. In za a gwada, a fara da CBD ɗan kaɗan, a auna hanta, a ba shi makonni, in babu canji a watsar. Mai THC kuma yana kama mutum, kusan ɗaya cikin goma na masu sha, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ta matasa da waɗanda ake da taɓin hankali a danginsu.

Abin da ya tsaya wa Abban Hanan a wuya ba na likita ba ne. Ya ce, "Ko ciwon nan zai kashe ni, ba zan tsaya gaban Allah da maye a jikina ba." Muka sami limaminmu bayan Isha'i, shi ya yi tambayar, ina daga baya. "Allah gafarta Malam, ga abin da likita ta ce." Malam bai yi gaggawa ba. Ya ce duk abin da yake sa maye haramun ne, kaɗan ɗinsa da mai yawansa, kuma halattawar gwamnati ba ta halatta komai, ai giya ma da lasisi ake saida ta. Sannan ya tambaye shi, ƙwayar da kake sha yanzu, wanda ya sha ta ba ciwo me take yi masa? Abban Hanan ya yi shiru. Malam ya ce malamai sun daɗe da yin magana a kan maganin da yake gusar da hankali don a yi wa mutum aiki, kuma sharuɗɗan sanannu ne: larura ta gaske, amintaccen likita ya ce a yi, babu halastaccen da zai maye gurbinsa, a tsaya iya gwargwadon buƙata. Wanda ba ya bugarwa kuwa lamarinsa ya fi sauƙi. Bai ce je ka sha ba, bai ce kada ka sha ba. Da na tuna wa Yaya Babba a waya cewa Maroko, 'yan uwanmu Malikawa, sun halatta nomanta don magani a 2021, sai ya ce shi ba ruwansa da Maroko, ƙaninsa ya sani.

Takaicina, mu ma mun taɓa kama hanyar auna ganye. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD, zamanin Farfesa Charles Wambebe, ta ɗauki haɗin gargajiya na masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, ta auna, ta gwada a kan masu sikila, ta fitar da Niprisan. Aka miƙa wa wani kamfani, kamfanin ya durƙushe, maganin ya yi ɓatan dabo shekaru. Mai lasifika kuwa yana nan a bakin kasuwa, jarka ɗaya tana maganin basir da sikila da rashin haihuwa. Marigayi Akeredolu na Ondo ya yi ta kiran a halatta noman wiwi don magani, aka yi masa ca. Ni ma ban ce a bi shi ido rufe ba. Ƙasar da ta kasa hana mai kemis fasa penta, in ta buɗe shagon wiwi, kafin wata uku 'yan sara-suka ne za su riƙe makullin.

Nan ɗin ma kada ku zaci an huta. A Manitoba doka ta hana busawa a titi da wuraren shaƙatawa, amma maƙwabcinmu na ƙasa a barandarsa yake yi, iska ta kawo mana ta taga, har abin sallata ya ɗauka. A lif, a bas, a jikin rigar yaran sakandare. Hanan ta taɓa tambaya ta warin mene ne, na ce shara ake ƙonawa, ta ce a'a Mama, an koya mana a makaranta. Tunda aka fito da na alewa, yaran da ake kaiwa asibiti sun ci bisa kuskure suka ƙaru. A Jos aƙalla yaro ya san abin kunya yake yi, yana ɓuya. A nan shagon yana kusa da inda nake sayen madara.

Ga kuma kuɗi. Katin da zai biya aikin ƙugu na dubban daloli ba ya biyan kwalbar mai ko ɗaya, domin hukumar lafiya ba ta ba shi lambar da take ba magunguna ba. Inshorar wurin aikina ta ce ba ruwanta. Ko ta asibiti ka bi, likita ya cika takarda, ka yi rajista da kamfani mai lasisi, su aiko ta gidan waya, sai ka biya harajin saye, abin da ba a ɗora wa sauran magungunan da likita ya rubuta. Kwalbar da na gani ta kusa dala hamsin, ku buga lissafin naira da kanku. Sannan shi yake tuƙa mu. Tun ƙarshen 2018 tuƙi cikin maye ya shiga manyan laifuka, kuma ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba irinmu, hukunci ɗaya ya isa a fara maganar mayar da shi gida. THC a jini ake aunawa, takardar likita ba ta ceton kowa. Wannan kaɗai ya fitar da mai bugarwar daga lissafinmu.

Masu turo mini saƙo a ɓoye kuma, bayan sun gama yi da ni a fili, wai in aiko musu da man don ciwon gwiwar Inna: ku rufa mini asiri. Fita da shi daga Kanada laifi ne, ko ɗigo ne, ko CBD ne, ko da takardar likita, kuma NDLEA tana jira a filin jirgin Abuja. Mu kanmu, in ya fara, ranar da za mu zo gida ko Umara a nan za mu bar kwalbar. Ku kai Inna a duba gwiwar.

Yanzu dai Abban Hanan ya yarda a gwada marar mayen, ta hannun likita, ba daga shago ba, bayan an auna hantarsa a wata mai kamawa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: sai mahaifiyarsa ta sani, don ba zai sa a bakinsa abin da zai ɓoye mata ba. Shi ya kira ta da kansa, ina zaune. Ya yi ta kewaye-kewaye, ganye ne, mai ne, ba ya bugarwa, Malam ma ya ce. Hajiya ta katse shi.

"Kai, ni na yi ta kwana a kan tabarma a barandar asibiti saboda kai. Likita ne ya ce?"

"Shi ne, Hajiya."

"Zai hana ka salla?"

"Ba zai hana ba."

"To sha, Allah ya sa a dace. Ba ni Maman Hanan."

Na karɓa na gaishe ta. Ta ce in ci gaba da ba shi habbatus sauda da zuma, kada in ce na Turawa ya isa. Sannan ta tambaya wane ne babba a asibitin da za a yi aikin, ko akwai wanda za a tura ya yi masa magana a matso da ranar. Na ce, "Hajiya, a nan ba a yin haka." Ta ce, "Ba inda ba a yi. Ku dai ba ku san mutane ba ne."